Kuɗin cika shekara 20: burtsatse ko ɗakin kayan tarihi?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ciyaman a yi min afuwa zan tono maganar da aka ce an rufe. Jiya na kai Ilham rajista makarantarmu, da muka gama sai na ce bari in leƙa tsohon sashenmu na zane-zane in gaida malamai, wlh har na dawo gida raina a jagule yake. Ɗakin nan da ake ajiye ayyukan 'yan ajin ƙarshe da kayan da aka tattaro daga ƙauyuka tun zamanin malaman malamanmu, rufinsa yoyo yake, an jingine zane-zane a ƙasa kamar itacen girki, gara ta cinye katakon wasu, akwai wata riga tsamiya mai aska takwas da muke zuwa kwafar ɗinkinta muna aji biyu, yanzu fumfuna ta yi mata fari fat. Tukwane kuma an kifa wani kan wani har sun tsage. Ni dai shawarata kuɗin nan da muka tara na cika shekara 20 da gamawa a gyara ɗakin nan da shi.

Auta: Tofa. Anti kin zo da sabuwa ana zaune lafiya

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya da girmanki amma gsky ban goyi baya ba. Mun riga mun tsaya a kan burtsatse a ɓangaren kwanan ɗalibai mata, yaran nan da asuba suke fita da bokiti suna bin layi, wasu har lacca suke rasawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tukunya da tsohuwar riga ba sa jin ƙishirwa.

Maman Ilham: Ba sa jin ƙishirwa amma suna mutuwa Injiniya, kuma in sun mutu shi ke nan. Burtsatse in ba mu yi ba bana wani ɗan siyasa zai yi baɗi don a ɗauke shi hoto, rigar nan fa wa zai sake saƙa ta? Masu kaɗa zaren tsamiyar ma nawa suka rage?

Akawu: Kafin a yi nisa, abin da ke hannu miliyan 4 da dubu 300 ne, mutum 61 suka biya, sauran alƙawari ne. Kowa ya yi magana daidai aljihunmu.

Alhajin Kwari: Ni fa tambaya ɗaya gare ni. Wa yake zuwa kallon kayan? Shekara huɗu na yi a makarantar nan ban taɓa sanin akwai ɗakin ba sai yau. Abin da ba mai kallo a zuba masa miliyoyi?

Dokta: Alhaji ai ka ba da amsar da bakinka. Ba ka san da shi ba saboda a kulle yake, a kulle yake saboda ba kuɗin ɗaukar mai kula da shi, ba a ba shi kuɗi saboda an ce ba mai zuwa. Haka abin yake ta zagaye. Ni da nake koyarwa a jami'a na san yadda rabon kasafi yake, in an zo kan sashen fasaha da wasan kwaikwayo da kiɗa kanzo ake ba su. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da ake ba kaso daga harajin kamfanoni, gini ne mafi yawan abin da ake gani nata, ɗakin lacca, ɗakin karatu, tura malamai ƙaro ilimi. Masu kuɗinmu ma in sun tashi kyauta gini suke yi, Dangote ya gina wa ABU ɗakunan kwanan ɗalibai, ya gina wa BUK makarantar koyon kasuwanci, Allah ya saka masa, amma ka taɓa jin wani attajiri a Arewa ya ce ga kuɗin maganin gara da kantoci da albashin mai kula da kayan tarihi na shekara goma? Ba a yanka kyalle a kan wannan shi ya sa.

Alhajin Kwari: Dokta kada ka haɗa ni faɗa da manya hhh

Dokta: A'a ba faɗa ba ne. Ku duba Legas. Yarima Yemisi Shyllon ya kwashe shekaru yana sayen ayyukan masu zane da sassaƙa, ya ɗebi guda 1,000 ya ba jami'ar Pan-Atlantic, ya haɗa da kuɗin gini da na kula da wurin, aka buɗe gidan a 2019 da sunansa. Abin da ya burge ni ba yawan kayan ba ne, kuɗin kulawar da ya sa a cikin yarjejeniyar ne. Mutumin ya san halin ƙasarsa. Yanzu 'yan firamare da sakandare ake kwasowa a mota ana kai su kallo. Mu kuma da muke da tarihin abin sai kallo ya koma sama. A Zariya fa aka yi ƙungiyar ɗaliban nan ta 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama ABU a 1962, su ne suka ce ba za su yi ta kwaikwayon zanen Turawa ba sai sun cuɗa shi da na gida. Duk wanda zai rubuta tarihin zanen zamani a Najeriya dole ya bi ta Samaru.

Auta: Dokta duk sunayen da ka lissafo ban ji Audu ko Garba ba fa

Dokta: Ka gano bakin zaren Auta. A garinmu aka yi abin, mu muna gefe.

Ustaz: Assalamu alaikum. Na so in yi shiru amma tunda kuɗina na ciki dole in faɗi abin da na sani. Na farko duk wanda ya sa zakkarsa a wannan asusun da niyyar gyaran ɗaki to ya sake lissafi, waɗanda ake ba zakka kashi takwas ne, suna nan a Suratut Tauba aya ta 60, ɗakin ajiye tukwane ba ya ciki. Na biyu ruwa yana da asali mai ƙarfi, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Na uku kuma shi ne ya fi damuna, a sashen nan ana sassaƙa mutum-mutumi, mun gan su a tsaye a harabar tun muna ɗalibai, kuma hukuncin surar abu mai rai mai inuwa ba ɓoyayye ba ne a wajen malamai. Ni ba zan so sisina ya tafi wajen gyara gunki ba.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, na ji kuma ban musa ba. Amma da za ku shiga ɗakin da kun ga yawancin abin da ke ciki ba shi ba ne. Alluna ne na zayyana irin na saukar Alƙur'ani, gafaka ta fata aikin dukawa, zannuwan saƙi da bunu, akushi, faifai, ƙwarya mai zane, linzami da sirdi, har da wasu takardun ajami a cikin kwali da ba wanda ya san me ke ciki. Ni kaina ɓangaren rini da saƙa na karanta, ban taɓa riƙe gizago ba.

Ustaz: Takardun ajami a kwali? A ɗakin da ke yoyo?

Maman Ilham: Ƙwarai kuwa Malam, a ƙasa ma.

Ustaz: Innalillahi. To wannan kam wata magana ce daban. Ilimi mai amfani yana cikin abu ukun da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. In za a rubuta a fili cewa kuɗinmu na takardu da tufafi da kayan sana'a ne ban da sassaƙen masu rai, ni ba ni da ja. A fiƙihun wakafi ma sharaɗin mai bayarwa abin kiyayewa ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba.

Auta: Anti ta ci Ustaz da kwali ɗaya

Ustaz: Auta ka kiyaye ni.

Malama Uwani: Ni ta wani ɓangaren nake kallo. Rufin ɗaki ɗaya ne, in an gyara shi ai duk abin da ke ƙarƙashinsa ya amfana har mutum-mutumin, ko za a bar wa gunkin ɓangarensa yana yoyo ne? Kuma kada mu manta a zauren nan akwai 'yan uwanmu Kirista da suka biya kuɗinsu cif, wasu ma sassaƙar suka karanta. A yi maganar yadda kowa zai ji da shi ake.

Yaya Bulus: Na gode Malama. Ni na karanci sassaƙa kuma da ita nake ci da iyalina, amma maganar Ustaz ba ta ɓata min rai ba, kowa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi. A raba gida biyu mana, mai son nasa ya tafi ga takardu da tufafi ya faɗa, mu da ba mu da matsala namu ya shiga rufi da sauran. Abin da nake so ku gane kawai, yaro ba ya koyon wannan aikin daga hoton waya. Sai ya ɗauki tukunya ya ji nauyinta, ya ga kaurin bakinta, ya ga inda yatsan mai ginin ya bi. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ba ta yi boko ba, a wajen 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane a Kwali, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954 a garin Abuja na da wanda yanzu ake kira Suleja, kuma ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Jami'a ce ta durƙusa wa mai ginin tukunya. Shata ma haka aka ba shi a 1988. Wato akwai lokacin da jami'o'inmu suka san darajar abin.

Injiniya: Yaya Bulus duk na yarda, amma Ladi Kwali ba ta hana yaran hostel jin ƙishirwa ba. Ku masu fasaha kun iya zance wlh.

Alhajin Kwari: Ni ku faɗa min akwai kuɗi a harkar ko babu, in ji da kunnen ɗan kasuwa

Yaya Bulus: Alhaji zanen Ben Enwonwu guda ɗaya mai suna Tutu, da aka tsinta a wani gida a Landan bayan an daɗe ana nemansa, fam miliyan 1.2 aka saye shi a gwanjo a 2018. Ka buga da canjin yau.

Alhajin Kwari: Kai! Zane ɗaya? A ɗakin namu babu irinsa a duba mana?

Auta: Alhaji har ya fara lissafin kwantena

Barista: Ku bar raha, Alhaji ya taɓo wani abu ba da saninsa ba. Ranar da aka gane kayan ɗakin nan suna da daraja ranar za su fara yin ƙafa. Shi ya sa ni a wajena abu na farko ba rufi ba ne, rajista ce. A ƙirga komai, a ba kowanne lamba, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta daga ina ya zo, wa ya kawo, a wace shekara, a yi kwafi uku, ɗaya wajen sashe ɗaya ɗakin karatu ɗaya wajenmu. Abin da ba a rubuce yake ba in ya ɓata ba ka da bakin cewa an sace. Kayan Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897 ana ta dawo da su yanzu, jami'ar Aberdeen da wata kwalejin Cambridge sun mayar da nasu a 2021, Jamus ta biyo baya a 2022, kuma duk lokacin da aka yi maganar sai ka ji masu adawa da mayarwar suna cewa ina za ku ajiye, za ku iya kula da su? Ina jin haushin tambayar amma in na tuna irin ɗakin da Maman Ilham ta kwatanta sai bakina ya mutu.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri rezo ne ya hana ni shiga tun ɗazu. Mu nan Nijar abin da ya taimake mu mutum guda ne ya damu. Boubou Hama ya bi gari gari yana tara tsofaffin littattafan larabci da ajami, su ne tushen tarin da ke cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Abdou Moumouni a Yamai yanzu. Gidan tarihin ƙasa ma da aka buɗe tun 1959 sunansa yake ɗauke da shi. Abin da nike so ku ɗauka daga can shi ne ba kayan kallo kaɗai aka jera ba, akwai maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa zaune cikin harabar suna aiki suna saidawa, ga namun daji, shi ya sa ran hutu za ka iske wurin cike da yara. In kun gyara ɗakin kuka sake kulle shi da kwaɗo to kun gyara wa gara ne.

Maman Ilham: Wlh ka faɗi abin da ke raina. Ko sau ɗaya a zango a ɗauko marini daga Ƙofar Mata ko magini mai dagi da makuba ya yini da ɗalibai, a biya shi kamar yadda ake biyan baƙon malami. Nawa ne abin?

Dokta: Ga Arewa House ma a Kaduna, ƙarƙashin ABU take, gidan Sardauna ne aka mayar cibiyar bincike a 1970, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa ta. Wani ɓangare na takardun da ke can iyalai ne suka ɗauko na kakanninsu suka kai ajiya. Ka ga ba kuɗi kaɗai ake bayarwa ba. Da yawanmu nan akwai adakar kaka a gida cike da takardu ana jira ɓera ya gama da su.

Alhajin Kwari: Mu kam akwai, na mahaifin babanmu, alƙali ne. Amma in ɗauka in kai inda ake yoyo? Allah ya kiyaye. Gara ɓeran gidanmu, aƙalla na san shi.

Akawu: To ni nan ne tsorona yake. Kun tuna ajin da suka riga mu da suka sayi kwamfutoci suka kai wani sashe, aka yi taro aka ci shinkafa, bayan shekara ɗaya wani ya leƙa bai tarar da ko linzamin kwamfuta ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ni ba zan tura kuɗin mutane asusun makaranta in zauna jiran takarda ta bi ofis bakwai ba, kafin ta fito buhun siminti ya ninka.

Barista: Ba sai an tura ba. Mu yi wa ƙungiyar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, mu sa hannu a takardar yarjejeniya da makarantar, mu kawo ma'aikatanmu mu biya su da hannunmu, makaranta ta ba da izini da mai sa ido. Kuma kada a kashe duka. A ware wani kaso a juya shi ta hanyar halal, ribar kawai ake taɓawa duk shekara don feshin gara da gyaran taga da ɗan alawus na ɗalibai biyu da za su riƙa buɗe ɗakin. Haka manyan jami'o'in Amurka suke yi, asusun Harvard ya haura dala biliyan 50, uwar kuɗin tana nan ribar ake ci.

Ustaz: Barista ba sai ka je Amurka ba, sunan abin wakafi. Azhar da shi ta rayu ɗaruruwan shekaru, Ƙarawiyyin ta Fas kuma mace ce ta gina ta da gadonta, Fatima al-Fihri, a shekara ta 859. Mu ne dai muka taƙaita wakafi a masallaci da maƙabarta.

Auta: Miliyan 4 ɗin ce za mu yi Harvard da ita? Ribar ko kuɗin fiya-fiya ba za ta kai ba

Barista: Za ta kai na fiya-fiya, kuma fiya-fiyar ake nema yanzu.

Injiniya: Ni fa har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Ku dubi idon yarinyar da ta tashi ƙarfe huɗu neman ruwa ku ce mata mun fasa, mun sayi kanta mun jera ƙore. Kuma burtsatse mai sola da tanki a wannan ƙasar tasu mai dutse zai lashe kusan duk abin da ke hannun Akawu, ba a raba shi biyu, rabin rijiya rami ne kawai.

Malama Uwani: Gaskiya Injiniya yana da hujja, ni na zauna a ɓangaren nan na san wahalar. Amma in tambaye ka, burtsatse nawa ka gani a makarantar da suka mutu? Ni na ƙirga uku a hanyar hostel kaɗai, kowanne da allon sunan wanda ya gina. Ciwon ɗaya ne da na ɗakin Maman Ilham, a yi abu a tafi ba a bar ko kwabo na gyara ba. Ko ruwan muka zaɓa sai mun yi abin da Barista ya ce.

Injiniya: Wannan kuma gaskiya ne. In famfo ne ko sola ya lalace a ɗaya daga cikinsu ba ramin ya ƙafe ba, tayar da shi ba zai kai rabin kuɗin sabo ba. Sai dai ba za a sa sunan ajinmu a jiki ba tunda da sunan wani.

Maman Ilham: Sunan muke nema ko ruwan?

Injiniya: Hajiya kin fara ko. To zan je in duba su da kaina, ban yi alƙawarin komai ba, in ramukan sun ƙafe ina nan kan bakata.

Alhajin Kwari: Ni ba zan ƙara ko sisi a asusu ba na faɗa muku. Amma in an auna rufin a turo min adadin kwano, bandir nawa ne, in saya in aika da mota, kafinta kuma ku ji da shi. Takardun kakanmu kuwa sai na ga shekara biyu ba yoyo tukuna.

Yaya Bulus: Kantoci da akwatunan ajiya ku bar min, ƙarfe zan yi ba katako ba saboda gara. A dai ɗaga komai daga ƙasa kafin ruwan Agusta.

Ciyaman: Jama'a na karanta duka, kun cika min waya. Ba za a canza abin da aka yanke a taro ta hanyar surutun zaure ba, mutum 61 suka biya, waɗanda suka yi magana yau ba su kai 15 ba. Ga yadda za a yi, ranar Asabar Injiniya zai duba matattun burtsatsen, Maman Ilham da Barista da Yaya Bulus su ga shugaban sashe su ɗauko hotunan ɗakin da kiyasin gyara, Ustaz in da hali ka bi su ka duba kwalin nan ka faɗa mana me ke ciki. Lahadi da daddare a sa ƙuri'a. Wanda bai biya ba ba ya zaɓe.

Auta: Ciyaman wanda ya biya rabi fa, rabin ƙuri'a?

Akawu: Auta dubu biyar ka turo cikin hamsin, wane rabi

Ustaz: Zan je in sha Allahu, amma bayan azahar. Kada kowa ya taɓa takardun kafin in zo, in sun jiƙe suka manne da juna aka ja da ƙarfi tawadar tashi take.

Maman Ilham: To Malam. Mai makullin ɗakin ba ya zuwa ranar Asabar, sai na kira shi gobe na ji ko zai bar wa masinja.